Furera Mai Duba Zuciyar Kifi

Rana ba ta fitowa ta tarar da Furera a gida. Fiye da shekara arba'in ta yi tana zama a bakin tafkin ƙauyenmu, can wajen Hawandawaki, da wuƙa da tasa, tana feɗe kifin da za ta soya. Sauran masu suya kwashe kayan ciki suke yi su watsa wa kaji. Ita kuwa sai ta tsaya duba zuciya, abin da bai kai ƙwayar wake ba. An sha yi mata dariya a kan haka.

Sai ga farin 1984, zamanin soja. Gero bai yi ba, tafki ya janye ya yi kauri kamar kunu, kuma karfasar da ke ciki ita ce abincin da ya rage wa gari. Kullum da sassafe kifi na tasowa sama baki buɗe, wasu su mutu. Ma'aikacin gandun daji Laminu, wanda ake kira Mushe Laminu, wato Malam Laminu da Faransanci, ya ce annoba ce, a kwashe duka a binne.

Furera ta tare shi da faranti, zukatan kifi jere a kai.

"Mushe, diba nan. Waɗanda sunka mutu, zuciyassu ƙarama ce, a karkace, shi ya sa sunka riga faɗuwa. Waɗanda anka kama da rai kau, tasu lahiya lau. Ba annoba ba ce, ruwan ne babu iska."

"To ke za ki hura masu iskar?"

"Ba ni kwana ukku."

Kashegari da sassafe ta fito da mata wajen talatin, kowace da ƙwarya. Suka shiga ruwa har gwiwa, suna kamfata suna sheƙawa sama don iska ta shiga ruwan, ana guɗa sai ka ce biki. Maza na gefe suna ƙyaƙyatawa. A rana ta uku, matattun kifi biyu kacal aka tsinta! Mushe Laminu da kansa ya naɗe wando ya karɓi ƙwarya. Wata biyu cur ana wannan aiki, gari na cin kifi, har taimakon hatsi ya iso.

Inna Furera, ke ce kika tsaya gaban mai kaki da faranti, ba ki ji tsoro ba. Bana ido ya gaza, kin ajiye sana'a. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Jama'a, wanda ya san wani abu a kan aikinsa, ya buɗe baki ya faɗa kamar yadda ta yi. A waccan shekara ƙauyuka da yawa sun watse. Namu ko gida ɗaya bai tashi ba.