Tabawa Mai Zana Makiyayi Ta Baya

Bari in fara da laifina. A daminar 1939 Baturen mishan ya ba ni manyan hotunan Linjila goma sha biyu a naɗe, ya ce in riƙa nuna wa mutane a ƙauyuka. Na jingine su a bango, na tafi noma. Kafin in waiwayo gara ta karance su, ta sauke. Abin da ta bar mini ƙafar jaki ɗaya ce da rabin gajimare. Ni kuwa in ba hoto a hannuna, ko matata Dije ba ta kai ƙarshen wa'azina a farke.

Abin da ya kai ni wurin Tabawa ta Sabon Gida ke nan, mai zanen ƙwarya.

Kullum ta idar da sallar asuba sai ta hura gawayi, ta jera ƙarafanta uku a wuta, ta aza ƙwarya a cinya. Ƙarfe ya yi ja, ta ja layi, hayaƙi ya taso, ta hure, ta sake. Shekara talatin tana haka, ba wanda ya tambayi sunanta sai mai neman ragi.

Na ba ta labarin makiyayin da ya bar tumaki casa'in da tara ya tafi neman ɗaya. Na ce, "Inna, shi nake so ki zana mini."

"Wa ne na, makiyayin?"

"Annabi Isa."

Ta aje ƙarfen. "Kai Rabe, ka taɓa ganin huskatai?"

Na ce a'a.

"To ni ma haka. Ba ni yi ma Annabi ƙarya da wuta."

Na koma gida ina shirya abin da zan gaya wa Bature. Kwana huɗu ta aiko in zo. Ga makiyayi a jikin ƙwarya, ya ba mu baya, malfa a ka, sanda a hammata, tunkiya a wuya. Na kai wa Bature, ya yi ta juya ƙwaryar yana neman fuska. Da na kai mata ƙorafinsa sai ta ce, "Ba kun ce bin shi kuke ba? Mai bin mutum ai ƙeya yake gani." Shekarata shida ina wa'azi, ban taɓa faɗin abin da ya kai wannan ba.

A kasuwar Tabotaki wani Bafillace, Yero, ya karɓi ƙwaryar ya duba, ya ce, "Wanga ya san dabba. Dubi, ya kama ƙafa huɗu duka, ba ta zillewa." Ya zauna ya ji labarin har ƙarshe. Liman Alƙasim ma ya je har gidan Tabawa ya tambaye ta me take yi wa Kiristoci. Ta miƙa masa wata da ta zana mana. Ya juya, ya juya, bai ga fuskar kowa ba, ya mayar mata ya ce Allah shi ba da sa'a.

Ƙwarya tara ta yi mana. Akwai mai shuka a cikin duwatsun Keita, akwai uban da ya ruga tarbar ɗansa, takalminsa ɗaya a baya.

Ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Idon Tabawa ya tafi. Bara ta aje ƙarafan. Biyu cikin taran sun tsage, gyartai ya ɗinke. Ƙwarya ba dutse ba ce, ni kuma kun ji irin riƙona. Ba ta da magaji ko ɗaya.

Inna, ke ce kika ƙi yi mana ƙarya, kika kuma ƙi korarmu hannu wofi. Ke ce ba ki taɓa shiga ɗakin addu'armu ba, amma duk Lahadi aikin hannunki ke gaba, mu muna baya. Tabawa ta gaban wuta, mun gode, Allah shi saka miki.

Ku kuma 'yan'uwa na Madawa da Buza, kada ku tsaya yabo. Bakinta na nan, hannunta bai manta ba. Ku je ku zauna gabanta ku koya tun tana iya kama hannunku ta nuna muku. Ku je yau.

Dije ta ce za ta je. Ni na hana ta, don hayaƙin ne ya ci idon Tabawa.