Ƙwayoyin da Na Samu a Aljihun Maigidana

Tun da likita ya ce maigidana yana da hawan jini, ba shi magani ya dawo wuyana. Ni nake ɓare ƙwayoyin in zuba masa a hannu bayan karin kumallo, in tsaya har ya kurɓi ruwa. Ko biki na je ba na kwana.

Wata safiya da damina, bayan ya hau babur ya bar Wudil zuwa gonarsa ta Darki, na kwaso rigunansa zan wanke. Na sa hannu a aljihun wata shuɗiyar riga, sai na ji abu kamar tsakuwa. Ƙwayoyin ne, cike da tafin hannuna, wasu har sun fara narkewa. Na kira wayarsa, na ji tana ƙara a ɗakinsa.

Ban iya ƙarasa wankin ba. Na zauna a tsakar gida ina sauraron duk babur ɗin da ya wuce.

Sai bayan la'asar ya dawo. Na nuna masa abin da na samu.

"Malam, tun yaushe?"

"Tun bayan sallah," ya ce. "Jiri suke sa ni, ba na iya noma."

Ya yi murmushi don in huce, sai na ga gefen bakinsa na hagu bai motsa ba. Na ce ya maimaita maganar. Ya maimaita, harshensa ya yi nauyi. Na ja mayafina na fita neman maƙwabcinmu mai mota.