Alwalar Alhaji

Ilimin adabin da nake taƙama da shi gaba ɗaya, daga balaga har tsarin labari, na same shi ne a tsakanin murɗa maɓalli da fitowar murya.

A gidanmu na unguwar New Bell a Douala akwai rediyon da kakanmu ya mutu ya bari, akwatin katako mai nauyin buhun albasa. Kaka Ladi, matarsa, Alhaji take kiran rediyon. A cikinsa akwai ƙananan kwalabe da sai sun yi ja kamar garwashi kafin ya ce uffan, a goshinsa kuma ido ɗaya kore mai buɗewa a hankali. Gilashinsa cike yake da sunayen biranen Turai, amma duk wanda ka kai allura kansa, shuuu kawai za ka ji.

Bayan magariba Kaka takan zauna gaban murhun gawayi tana juya ayaba, ruwa na dukan kwano, ta murɗa maɓallin.

"Ku bar shi ya yi alwala," in ji ta. "Ga ta nan, ku kama kafin ya idar."

Tatsuniyar ɗaya ce kullum. Wani mai goro ya taso daga Arewa yana ciniki gari gari, har ƙasa ta ƙare masa a bakin teku. Ya waiwaya, daji ya haɗiye hanyar da ya biyo. Yana zaune sai wani ƙaton kifi ya leƙo ya ce ya san hanyar gida, amma sau ɗaya zai faɗa. Mai goro ya kasa kunne. Kifi ya buɗe baki.

Nan idon Alhaji yake gama buɗewa, mai labaran duniya ya yi sallama.

"Kaka, me kifin ya ce?"

"Maigidana, babba na magana kana magana?"

Da damina laima kan shiga kwalaben, alwala ta yi tsawo. Sai mai goro ya sami jaki, da suruki, da rigima a kasuwa. Kifin dai bai taɓa riga Alhaji ba.

Yanzu Kaka ta tsufa ƙwarai. Sunana ya ɓace mata, takan tambaye ni ko na ga mijinta. Na tambaye ta kifin, ta dube ni kamar mai tallar inshora. Sai na yi tunanin in ta ga koren idon nan, bakinta zai tuna abin da kanta ya manta. Ni kuma in zare wayar wutar rediyon kafin alwala ta ƙare.

Na ɗora Alhaji a mashin har unguwar Mboppi, wajen Bappa mai gyara, na roƙe shi ya tashe shi. Ya leƙa ciki ya ce ɓera ya ci zaren allura, kwalabe biyu sun mutu, irinsu kuma ko a manyan shagunan Akwa babu.

"Amma bar mini shi, patron. Za ka yi mamaki."

Kwanakin da nake jira na yi ta nazari. Wataƙila darasin haƙuri ne. Wataƙila kuma Kaka, wadda aka kawo Douala a goye, ita ma ba ta taɓa jin amsar kifin ba.

Na dawo da shi yana ƙyalli. Na hura gawayi, na zaunar da ita, na kai hannunta kan maɓallin. Ta murɗa. Leɓenta ya motsa.

"Ga ta..."

Kiɗan makosa ya cika ɗakin. Ta rufe baki, ta naɗe hannu, don babba na magana.

Ashe Bappa ya kwashe kwalaben duka ya sa na'urar zamani. Yanzu nan take yake kamawa.