Gilasan da Nicanor Ya Kankare

Don Nicanor Choquevillca shi ne mai hoton garin Uncía, kuma bai taɓa yarda akwai wani ba. Shekara talatin yana cusa kai cikin baƙin ƙyallen akwatin ɗaukar hoto, yana daka wa masu haƙar kuza tsawa su tofar da ganyen koka da suke taunawa kafin ya ɗauka. A kan farantin gilashi hoton yake zama, ya jera farantan a adaka, ko bayan shekara goma ka dawo zai buga maka wani.

Da yaƙin Chaco ya ɓarke aka kwashi samarin ramin kuza zuwa fagen daga, kowa ya biya ta wurinsa kafin ya hau jirgin ƙasa. Sai gilashi ya yanke, ga injiniyan kamfanin kuza yana son hoton sabon injin niƙa dutse. Nicanor ya zaro faranti ashirin na samarin nan, ya kankare su da ruwan zafi, ya ɗauki hoton injin a kansu ta kowane gefe. A ransa ai yaran za su dawo.

Bayan yaƙi Doña Fermina mai tsintar kuza a bakin rami ta zo. Ɗanta Saturnino bai dawo ba, hotonsa guda kuma da shi ya tafi a aljihu.

"Don Nicanor, ranar matattu ta kusa. Me zan kafa a tebur, in ransa ya zo cin abinci ya gane wurinsa?"

Ya san sarai farantin Saturnino na cikin waɗanda ya kankare. Don kunya, sai ya buga mata hoton wani saurayi da hula ta rufe wa rabin fuska.

Ta daɗe tana kallo. "Tsoho, akwatin naka rage kunne yake? Na ɗana kamar marfin tukunya suke."

"Hasken ne, mama."

"To, haske," in ji ta, ta naɗe shi a mayafi.

Ranar matattu, Doña Fermina ta aika ya zo. Ya je yana jin kansa ɓarawo, ya tarar da hoton tsakanin burodi da dafaffen dankali.

"Na san ba nawa ba ne," ta ce tana miƙa masa burodi. "Wannan ma ɗan wata ne, ya ci abinsa. Tsorona ɗaya, kada nawa ya leƙo ya ga baƙo a wurinsa, ya zaci ɓatan gida ya yi, ya juya da yunwa."