Hoton da Baba Ya Juya Kai

Wata Laraba ce, a kakar da na shiga aji huɗu, muna tsakiyar Kogin Nilu a gaban garin Aswan na ƙasar Masar, cikin kwalekwalen nan da iska ke turawa da ƙaton farin ƙyalle. Mu uku ne: ni da Baba da ƙanensa, Baffa Sale. Washegari za a yi wa Baba aikin ido, likita kuma bai ɓoye masa komai ba: ko a dace, ko ɗan ganin da ya rage ya tafi. Shi ya sa tun da hantsi ya ce a fita da shi ya kashe kwarkwatar idonsa.

A garinmu Gadarif tarakta ke huɗa, amma riɗi sai da lauje, kuma a yankansa Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gonakin Fashaga. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Kunyar ɗan fari ke nan, wadda kakanninmu suka ɗauko daga yamma suka riƙe ta fiye da yadda suka riƙe Hausarsu. In ya dawo daga gona, ƙannena ke rububin cinyarsa, ni kuwa tawa alewar a hannun Kaka nake karɓa. In na kai masa buta, bango yake kallo. Ko na kayar da duk yaran unguwa a langa, bai gani ba. Kaka takan ce, "Son ɗan fari kamar gyaɗa yake, a ƙasa yake 'ya'ya." Ni dai ban taɓa tono ko ƙwaya ɗaya ba.

Da aka ce ni zan riƙe masa hannu zuwa Masar, sai na sa rai. Na ce nan ba Kaka, ba maƙwabta, wa zai ji kunya? Ranar kuwa babu abin da Baba bai ƙura wa ido ba. Ya kalli baƙaƙen duwatsun tsakiyar ruwa, da yaran da ke bin kwalekwale suna waƙa, da Turawan da rana ta gasa suka yi jawur. A kasuwa ya damƙi zoɓorodo ya kai dab da hancinsa, ya ce na gida ya fi ja. A wani ƙauyen Nubawa mai gidaje shuɗɗa, har kadan da aka ajiye a rami ya samu rabonsa na kallo. Ina gefensa, riƙe da hannun rigarsa, ina jiran layi ya zo kaina.

A ƙauyen ne wani mai ɗaukar hoto ya tsare mu. Ya jera mu a bakin ruwa, ya ce da Larabci Baba ya dafa kafaɗata ya dube ni. Na ɗaga fuska. Baba ya yi ɗan tari, ya ce, "Sale, faɗa masa ɗan fari ne." Ya juya kai wajen kogi. Baffa ya yi dariya, mai hoto bai gane komai ba, ya ɗauka a haka. Na ji haushi, kuma ban daina ji ba.

Aikin bai yi ba. Da aka kwance masa ƙyallen ido, bai ga komai ba. Yana zaton na fita, sai na ji ya tambayi Baffa a hankali, "Yaron nan, da wa yake kama?"

Yau 'yata ta fari nakan kira ta da sunanta a tsakiyar kasuwa, in goya ta a wuya, tsofaffi su ce zamani ya cinye mini kunya. Ba na musu. Hoton nan yana rataye a ɗakina: yaro ya ɗaga kai yana kallon ubansa, uban yana kallon ruwa. Da ya waiwayo, da ba sai ya tambaya ba.