Jikin Baba Ya Tashi

A shekarun da kowa a Minna ya fara buɗe shafi a intanet, ni ma na buɗe nawa bulog, ina zuba girke-girke da surutan unguwarmu ta Barkin Sale. Da na ji za a yi taron masu bulog da dandalin sada zumunta a wani zaure a Bosso, na tasa ƙawata gaba sai ta raka ni. Tela ce, Kirista, 'yar Kuta, shagonta na jikin gidanmu. Ta ce ina ruwanta da bulog. Na ce, "Ke dai tashi, sai yaushe duniya za ta ga ɗinkin nan naki?" Da ƙyar ta rufe shago.

An kwana biyu ba wuta, wayarta ta mutu, sai ta jona ta a teburin gaba inda wayoyin mutane suka taru. Mai jawabi wani matashi ne daga Abuja, baki kamar rediyo. Darasinsa ɗaya: wanda ya riga kowa saka labari shi ke da jama'a. Mahalarta suna ta tafi, ni ma ina gyaɗa kai.

Ana cikin haka aka kira ni. Yayan ƙawata ne, wanda bai taɓa kirana ba. Na fita baranda.

"Ƙanwata, kina tare da ita?"

"Muna tare, Yaya. Lafiya?"

"Baba ya rasu ɗazu a gona. Kar ki faɗa mata. Ki ce jiki ne ya tashi, ki kawo mana ita. Goggonmu na jira, ita za ta gaya mata."

Na san wannan ƙa'ida, don mu da su duk ɗaya ne a nan. Ba a jefa wa mutum mutuwar uba a kan hanya. Gida ake kai shi, a zaunar da shi, babba ya riƙe shi, sannan a faɗa. Ƙawata kuwa ita ce 'yar lelen tsohon, ga ta da hawan jini.

Ban san abin da ya sa na leƙa dandali kafin in koma ba. Innalillahi! Wani ɗan kawunta, ƙato da gemunsa, har ya liƙa hoton tsohon da addu'ar Allah ya ba shi hutawa, ya kuma maƙala sunanta a jiki. Gawa ko wanka ba a yi mata ba! Wallahi da yana kusa da sai na kwaɗa masa mari.

Ina shiga na ji mai jawabi yana cewa kowa ya ɗauko wayarsa ya buɗe shafinsa, za a gwada abin da aka koya. Ƙawata ta riga ta miƙe. Na ture kujeru, na sha gabanta, na fizge wayar har da cajar, na cusa a jakata. Wayar wani ta faɗi ƙasa, ya hau masifa, ko kallonsa ban yi ba.

"Hajiya, da zafi-zafi haka?" in ji mai jawabi ta lasifika. Zaure ya ɗauki dariya.

"Ba ni wayata mana," in ji ƙawata.

"Yaya ya kira. Jikin Baba ya tashi, mu tafi Kuta."

"To ba ni in kira shi."

"Ba ta yi caji ba."

"Ga ta can tana haske a jakarki."

Kafin in ƙago wata ƙaryar, na hango wata 'yar cocinsu ta nufo mu, waya a hannu, ido ya yi ja. Ta buɗe baki, "Wayyo, 'yar'uwa, sannu..." Na take mata ƙafa da iyakar ƙarfina, na ce, "Sannu da me? Mutum ba ya rashin lafiya ne? Matsa mana!" Ta yi tsuru-tsuru. Na ja hannun ƙawata muka fice.

Muka tari keke zuwa tasha, muka sami motar Kuta saura mutum biyu. Aka matse mu a baya, jakar tana tsakanin cinyata da tata. Wayar ta fara kaɗawa. Ta tsaya, ta sake. Saƙo na bin kira, kira na bin saƙo, kuma duk kaɗawar da ta yi na san tana jin ta a jikinta. Tsoro ya cika ni. Na hau zuba kamar kanya, ina zagin mai jawabi, ina zagin ramukan hanya.

Mun wuce gonakin doya sai ta ɗora hannu a kan jakar, ta danne. Ba ta kalle ni ba.

"Ƙawa, kashe ta."

Na lalubo wayar na kashe. Na buɗe baki, ban ma san me zan ce ba, ta girgiza kai.

"Ban tambaye ki komai ba, kar ki faɗa mini komai. Har mu isa gida, ina da uba."