Ƙofar da Kawu ya zana a madubi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai aski ne. Shekara arba'in shagonsa na bayan tsohuwar ƙofar tunawa ta birni, amma ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya dube ta ba. Kullum ya juya mata baya yana aski, a madubi yake ganinta: ginshiƙai biyu masu kauri, gini mai lanƙwasa kamar baka a samansu, matakala a jikin ginshiƙi ɗaya, a ɗayan kuma allon dutse mai sunayen waɗanda yaƙi ya ci. Sunan mahaifinsa na ciki.

Wata shekara da aiki ya yi sanyi, ya sayi fenti ya zana ta a katako. Ba gwani ba ne, bakan ma ya ɗan karkace, amma ya ƙirga kowane jeri na dutse. Mutum ne mai taurin kai a kan ƙananan abubuwa.

Da ruwan sama ya kayar da ƙofar, aka tashi sake gina ta. Hotunan da ake da su duk daga gaba aka ɗauke su, babu wanda ya damu da bayanta. Sai injiniya ya zo ya ari zanen Kawu. Ranar har sabuwar hula Kawu ya sa.

Bayan kwana uku na same shi zaune, almakashi a hannu, babu kowa a kujera.

"'Yar nan, matakalar nan a dama take ko a hagu?"

"Kawu, kai da ka zana ta?"

"Ai shi ne. A madubi na zana ta. Na juya ta kafin in zana, ko ban juya ba?"

Ni ma na rasa. Ya tambayi mai shayi, ya ce dama. Tela ya rantse hagu ne, daga baya ya ce ya danganta da inda ka tsaya. Na ce ya je ya gaya wa injiniya. Sau biyu yana zuwa bakin wurin aikin yana dawowa, don bai san me zai ce a gyara ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Ranar da aka sauke katakan gini, ya shiga shago ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya dubi madubi. 

"Ba ita ba ce," in ji shi. "Na mayar da Baba ɗaya ginshiƙin."

Har yau babu wanda ya lura a birnin. Shi dai ya cire madubin ya kafa a bangon gefe. Yanzu idan babu mai aski, yakan ja kujera bakin shago ya fuskanci ƙofar ido da ido, don ta haka ne kawai take fitowa yadda ya san ta.